Tukunyar gawayi a Xining, da harafin ƙasa da ke rubuce a ƙofar

Shekarata ta huɗu ke nan a birnin Lanzhou na ƙasar Sin ina karatun injiniyan gine-gine, kuma tun ranar da na karɓi katin makaranta harafin 土 yake biye da ni, domin da shi sunan sashenmu ya fara: 土木工程, tumu gongcheng, wato aikin ƙasa da itace. Zane uku ne kacal. Gajeren layi a sama, dogo a ƙasa, sai sanda a tsaye da ta ratsa na saman ta sauka kan na ƙasan. Idan ka kuskure ka sa na saman ya fi tsawo, ka rubuta 士, wani harafi daban mai nufin masani ko jarumi. Shi kuwa 土, ma'anarsa ƙasa, Sinawa na karanta shi tu, murya ta nutse sannan ta taso. Duk da wannan sabo, sai a Nuwamban da ya wuce na ci abinci a wurin da ya rubuta harafin a ƙofarsa yana alfahari da shi, kuma wurin nake son ba ku labari, musamman 'yan'uwa ɗalibai da 'yan kasuwa da ke neman abin halal mai ɗumi idan sanyin arewa maso yammacin Sin ya kankama.

Mu uku muka je. Ni, da wani yaro ɗan garinmu da ya iso a Satumba yana shekarar koyon harshe, da wani dattijo ɗan Japan da ke ajinsu, wanda ya ajiye aiki ya zo koyon Sinanci don sha'awa kawai. Daga Lanzhou zuwa birnin Xining, inda wurin yake, awa ɗaya da ɗan wani abu ne a jirgin ƙasa mai sauri. Mun tafi ranar Juma'a don mu samu salla a babban masallacin Dongguan, wanda asalin gininsa ke komawa farkon daular Ming, ƙarshen ƙarni na 14. Dattijon ya jira mu a gefen titi yana kallon sahu. Muka kwana, washegari da azahar muka shiga wani lungu da ya ɓalle daga babban titin Dongguan, inda wani direban tasi ya kwatanta mana.

Allon ƙofar kore ne, da 清真 a kusurwa, qingzhen, wato halal. Ku riƙe siffar waɗannan haruffa biyu da kyau, domin a 'yan shekarun nan an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna da yawa, kada ka tsaya neman حلال ka wuce wurin. A tsakiyar allon kuma manyan haruffa uku: 土火锅, tu huoguo. Dattijon ya tsaya ya nuna na farkon da yatsa, ya ce ai mun zo a ranarsa. A Japan sunan Asabar 土曜日 ne, doyobi, ranar ƙasa, kamar yadda Juma'a take ranar ƙarfe, Alhamis ta itace, Laraba ta ruwa, Talata ta wuta. Waɗannan biyar ɗin tsohuwar falsafar Sin ce ta jera su, amma Sinawan yau lamba suke sa wa ranakunsu, Asabar a wurinsu rana ta shida ce kawai. Tauraron da Larabawa ke kira Zuhal kuwa har yanzu 土星 ne a ƙasashen biyu.

Huoguo tukunyar wuta ce, kowa ya san ta Sichuan mai jan barkono, wadda ake tsoma ɗanyen nama a ciki. Ƙarin tu a gaba shi ne ke cewa wannan ta gida ce, ta gargajiya, irin ta kakanni. Ba wai da yumɓu aka yi ta ba, da jan ƙarfe ma aka ƙera ta. Nan ne Bahaushe zai ji abin ya zauna masa, domin mu ma ƙasa ɗaya ce muke takawa, muke gini da ita, kuma muke cewa ɗan ƙasa.

Wurin ƙarami ne. Tebur shida a falo, sai ɗakuna biyu a ciki. Matar mai gidan, da farin mayafi irin na matan Hui, wata al'ummar Musulmi ta Sin, ta amsa sallamarmu da fara'a ta kai mu ɗakin ciki, inda rabin ɗakin dandamali ne mai tsayin gwiwa da shimfiɗa a kai da gajeren tebur a tsakiya. Kang ke nan, a ƙauye kuma 土炕, tukang, gadon ƙasa da hayaƙin murhu ke bi ta ƙarƙashinsa. Yaron garinmu yana ganinsa ya ce, "Yaya, wallahi irin gadon ƙasar kakata ne, wanda ake zuba wa garwashi da hunturu." Nasu na cikin gari ne, lantarki ke ɗumama shi, amma zaman iri ɗaya ne. Kafin mu yi wani motsi dattijon ya riga ya tuɓe takalmansa ya juya su suna fuskantar ƙofa. Ya ce a wurinsu shiga da takalmi sunansa 土足, dosoku, ƙafar ƙasa, kuma idan mutum ya kutsa cikin sirrin wani ba izini sai a ce ya shigar masa zuciya da dosoku. Sannan ya ɗaga tafin ƙafarsa ya nuna mana lanƙwasar nan ta tsakiya, ya ce sunanta 土踏まず, tsuchifumazu, ba-ta-taka-ƙasa. Na daɗe ban ji sunan wata gaɓa da ya burge ni haka ba. Harafi ɗaya ne, amma Japanawa na karanta shi tsuchi idan yana tsaye shi kaɗai, do ko to idan ya shiga cikin kalmar da aka aro daga Sin.

Abin da aka fara kawowa shayi ne a kofi mai murfi da faifai, an zuba masa jar magaryar Sin mai girman dabino, da 'ya'yan gouqi ƙanana jajaye, da busasshen ɗan itacen longyan, da dunƙulen sukari da ke narkewa a hankali. Ana ƙara ruwan zafi ba adadi, ba a ƙara kuɗi. Kofi na uku ya fi na farko daɗi. Shi ya riƙe mu, domin tukunyar ta ɗauki kusan minti arba'in kafin ta fito, kuma wannan shi ne aibi na farko da zan faɗa. Ba su gaya mana tun farko cewa sai an jera ta an hura gawayi bayan an yi oda ba. Wanda ya zo da yunwa zai sha jira. Daga baya na lura mutanen gari waya suke bugowa kafin su taso.

Da ta fito kuwa, mai gidan da kansa ya ɗauko ta da tsumma biyu. Tukunya ce zagayayyiya da bututu a tsakiya, garwashi na ci a cikin bututun, romo na tafasa a kewayensa kamar kududdufi ya zagaye tsibiri. Komai na ciki an riga an dafa shi, an jera shi hawa-hawa. A can ƙasa farin luobo, wata saiwa mai kama da karas amma fara kuma mai ruwa, da kabeji mai tsami, da taliya mai sheƙi da ake yi da sitacin dankali. A kansu awara da yankakken dankali. A sama kuma an shimfiɗa yankan naman rago da na saniyar tsaunin nan mai dogon gashi, yanka kan yanka, an zagaye bututun da su, sai dunƙulen niƙaƙƙen nama a tsakankani. Ya ɗage murfin, tururi ya rufe gilashin tagar gaba ɗaya.

Naman ragon shi ne sarkin tukunyar. Ba ƙarni ko kaɗan, kitsen siriri ne a gefe, yana narkewa kafin ka tauna. Na saniyar tsaunin ya fi tauri kuma ya fi duhu, yana da ɗanɗano mai ƙarfi da ya tuna mini naman sa na kiwo, ba na turke ba. Amma abin da na fi komawa kansa shi ne luobon da ke ƙasa, wanda ya sha romo har ya zama kamar gilashi. Ka ɗauko shi da tsinke ka ga hasken fitila ta cikinsa. Kabejin mai tsami yana yanke maiƙon, don haka ba ka gundura. Dunƙulen naman ne kaɗai bai kai ba: gari ya yi masa yawa, ya fi kama da ƙosai da ya jiƙa fiye da nama. Kuma idan aka bar tukunyar ta yi ta tafasa, gishiri na taruwa a romon. Ku nemi a ƙara muku romo tun kafin ya ja baya, suna ƙarawa kyauta. A kula da bututun, yana ƙuna sosai, hannun rigar yaron garinmu ya ɗan taɓa shi ya bar tabo.

A kan dankalin ne hira ta ɓarke. Na nemi ƙari na ce tudou, 土豆, waken ƙasa, kamar yadda aka koya mana a aji. Ɗan mai gidan, saurayi ne da ke jami'a yana taimakawa ranar hutu, ya yi murmushi ya ce a nan yangyu suke cewa, 洋芋, gwazar ƙetare. Wannan 洋, yang, asalinsa teku ne, kuma shi ne kishiyar tu: duk abin da ya zo ta jirgin ruwa yang ne, duk abin da ya tsiro a gida tu ne. Ashana ma a da wutar yang ake ce mata. Ga abu ɗaya, wani yanki na kiransa na ƙasa, wani na kiransa na baƙi. Na ce masa mu ma dankalin turawa muke ce masa don mu bambanta shi da na Hausa, ya yi dariya ya ce ashe mun fi su gaskiya. A Taiwan kuwa idan ka ce tudou gyaɗa za a miƙo maka. Dattijon ya ƙara da cewa su jagaimo suke cewa, daga tsohon sunan Jakarta, domin ta can jiragen Holan suka kawo musu shi.

Mun ƙara da rabin kaza, 土鸡, tuji, wadda aka dafa daban aka kawo a kwano. Kazar Hausa ce sak: ƙashi mai ƙarfi, tsoka mai jan hankalin haƙori, romo rawaya. Ta fi kazar gidan gona tsada nesa ba kusa ba, haka ƙwanta, 土鸡蛋, yake a kowace kasuwa. Abin da ya sa nake ganin wurin nan ya cancanci a rubuta shi ke nan. A Lanzhou na sha jin 'yan ajinmu suna cewa rigar wane ta yi tu, waƙar nan ta yi tu, ma'ana ƙauyanci. Baƙauye 土包子 ne, tubaozi. Wanda ya yi kuɗi dare ɗaya bai waye ba 土豪 ne, tuhao, kalmar da a ƙarshen shekarun 1920 take nufin azzaluman masu gonaki da 'yan juyin juya hali suka yi wa taken a buge su a raba filaye, sai ta dawo a intanet a 2013, har wayar iPhone mai ruwan zinariya da ta fito a shekarar aka laƙaba mata zinariyar tuhao. To mutumin da zai raina ka da wannan harafi da safe, shi ne da yamma zai biya ninki don ya ci kazar da ke ɗauke da shi. Na san wannan hali, na gan shi a gida wurin masu raina ɗan ƙauye suna aika a sayo musu man shanu da daddawa daga ƙauyen. Mai gidan nan bai ɓoye harafin ba, bai yi masa kwalliya ba. Da na tambaye shi ko daga wani gari ya zo, ya bugi ƙirji ya ce 土生土长, tusheng tuzhang, a ƙasar nan aka haife shi, a cikinta ya girma.

Yaron garinmu bai ci da yawa ba da farko. Tun zuwansa Sin cikinsa bai daidaita ba, ga Xining ta haura mita 2,200 a kan teku, kansa na sarawa tun dare. Matar mai gidan ta dube shi ta ce 水土不服, shuitu bufu, ruwa da ƙasar wurin ba su karɓe shi ba tukuna. Ta koma ciki ta kawo masa romo zalla da awara a ƙaramin kwano, ta ce tsofaffi na cewa baƙo ya fara da awarar gari, tunda da ruwan garin aka yi ta. Ta tsaya a kansa har ya shanye, tana ce masa yaro, yana ce mata ayi, wato inna. Ba a sa wannan kwano a lissafi ba. Ɗanta ya ce a da matafiyi kan ƙulle ɗan tsunkulen ƙasar garinsu a tsumma, idan ciwon baƙunta ya kama shi sai ya jiƙa ya sha, kuma ya tuna mana wurin da ke cikin littafin Xiyouji na ƙarni na 16 inda sarki Taizong ya tsunkuli ƙasa ya jefa a kofin malamin da zai tafi Indiya, ya ce masa ya fi son tsunkulen ƙasar gida a kan tulin zinariyar garin wasu. Yaron ya yi shiru. Na san tunanin gida ne ya taso masa, domin ni ma a shekarata ta farko haka na yi ta fama.

Akwai wani abu da ya faru da ba zan manta ba. Mai gidan ya zauna a bakin gadon yana ba mu labarin yadda suka rufe wurin a lokacin korona, suka ci bashi, suka sake buɗewa. Dattijon, da Sinancinsa bai kai ya faɗi abin da ke ransa ba, ya ciro biro ya rubuta haruffa huɗu a takardar goge hannu ya miƙa masa da hannu biyu: 捲土重来. A Japan kendo chorai ake karanta shi, kuma yabo ne, ana faɗa wa ɗan wasan da aka kayar ya dawo da ƙarfinsa, ko ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ya sake zama. Asalinsa baiti ne na mawaƙin daular Tang, Du Mu, a kan jarumi Xiang Yu da ya ƙi tsallake kogin Wu ya kashe kansa a shekara ta 202 kafin haihuwar Annabi Isa. Mawaƙin na cewa da ya haƙura ya tsallaka, wa ya sani ko da ya dawo da runduna tana tayar da ƙura. Mai gidan ya karanta, juantu chonglai, ya ɗan yi jim. Ɗansa ya yi wa dattijon bayani cikin ladabi cewa a Sinancin yau an fi faɗar wannan a kan abin ƙi, annoba ko ɓarayi da aka kora suka dawo. Fuskar dattijon ta yi ja, ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri. Mai gidan ya kama hannunsa ya ce ya gane nufinsa, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Haruffa huɗu iri ɗaya, tushe ɗaya, amma teku ya raba musu hanya.

Daga nan dattijon ya saki jiki. Ya ce a kokawar sumo da'irar da ake karawa a ciki 土俵 ce, dohyo, an gina ta da yumɓu, faɗinta mita 4.55, kuma idan aka kayar da gwani sai a ce ƙasa ta taɓa shi. Yaron garinmu, da romo ya fara dawo masa da rai, ya ce ai mu ma a kokawa cewa muke an kai shi ƙasa. Dattijon ya gaya mana 土壇場, dotanba, wanda a zamanin Edo na tsohuwar Japan tudun ƙasa ne da ake sare kan mai laifi a kai, yau kuma yana nufin daƙiƙar ƙarshe da ba sauran dabara. Mai gidan shi ma ya kawo nasa, ya ce akwai 入土为安, rutu wei'an, shiga ƙasa shi ne hutu, kuma su Musulmin Hui sun fi kowa riƙe shi, domin ba sa jinkirta gawa, ba sa sa akwati, likkafani ne da ƙasa. Muka ce haka yake a wurinmu. Ya gyaɗa kai, ya tashi ya ƙaro gawayi.

Sauran abin da ya kamata mai zuwa ya sani kaɗan ne. Takardar abincin Sinanci ce zalla ba hoto, sai ka iya karatu ko ka nuna teburin maƙwabta. Ba a sayar da giya kuma ba a yarda a shigo da ita, abin da ya sa wurin yake da natsuwa ko da ya cika. Ɗakin ciki ba shi da isasshiyar iska, bayan awa ɗaya hayaƙin gawayi ya fara sa mana hawaye sai da muka buɗe taga, kuma ina ganin wannan abu ne da ya kamata su gyara don lafiyar mutane, ba don jin daɗi kawai ba. Bayin ƙarami ne amma da tsabta, akwai buta. Masallaci kuma tafiyar 'yan mintuna ce. Kindirmon da suka rufe mana da shi, mai rawayar fatar mai a sama da sukari a gefe, ya kai a sake tafiya dominsa.

Tukunya matsakaiciya da rabin kaza da shayi uku da kindirmo uku sun tashi kuai ɗari biyu da 'yan kai, muka raba uku. Ga ɗalibi ba abincin kullum ba ne, amma mun ƙoshi har dare ba mu nemi komai ba. Ko kalmar kuai ɗin, 块, da ake ƙirga kuɗi da ita, in ka duba gefenta na hagu harafin nan ne a tsaye, domin asalinta ɓarɓashin hoge ne, dunƙulen ƙasa. Ɗan mai gidan da yake karɓar kuɗin ta waya ya ce mun yi ƙoƙari da muka fito cin nama a wannan mako, lokacin da rabin abokansa ke 吃土, chi tu, cin ƙasa, wato aljihu ya bushe bayan sayayyar rangwamen 11 ga Nuwamba.

Da muka fito, kusa da bakin lungun akwai shago mai allon 土特产, tutechan, kayan da ƙasar wurin ta keɓanta da su. Dattijon ya ce dole ya shiga, domin ɗan Japan ba ya komawa daga tafiya hannu rabbana. Haruffa biyu daga cikin ukun nan, 土産, su ne suke karantawa miyage, su ce omiyage, abin da matafiyi ke kawo wa na gida da abokan aiki. Na ce masa sunansa tsaraba. Ya sa na maimaita sau uku, ya rubuta a ɗan littafinsa da harufansu. Ya sayi baƙin gouqi ƙananan kwalaye takwas, ɗaya don kowane ɗan ajinsu da malamarsu. Ni na sayi busasshen naman saniyar tsauni, wanda bai kai kilishi yaji ba amma yana da daɗin tauna a jirgi. Yaron garinmu ya daɗe yana juya wata ƙaramar jakar jar magarya a hannu, ya tambayi mai shagon ko za ta kai watan Yuli ba ta lalace ba, don lokacin ne zai je gida. Mai shagon ya ce in dai ya ajiye ta inda ba laima, za ta kai. Ya sayi biyu.